Baffa, Kekensa, da Titin da Ke Bakin Layinmu

Daga Allah muka fito, gare Shi za mu koma. Baffa ya rasu wata Talata da hantsi, a ɗakinsa na ƙasa a gidanmu da ke garin Clinton, nan ƙasar Turawa, daidai lokacin da sanyi ya fara sakin gari. Ƙanen mahaifin maigidana ne, shi ya riƙe shi tun yana ƙarami, don haka a wurina suruki ne cikakke. Sunansa bai taɓa fita daga bakina ba yana raye, ba kuma zai fita a wannan rubutu ba. Ni karatuna bai yi nisa ba, amma abin da kunnena ya ji ba ya zubewa. Na ga yaranmu suna amsa gaisuwar mutuwa da Turanci, sai tsoro ya kama ni kada wata rana a tambaye su wane ne Baffa, su ce wani tsoho ne mai keke. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Gida ya cika har aka yi sadakar uku. Maza a falo, mata a kicin da ɗakina, takalma a bakin ƙofa kamar an buɗe kasuwarsu. Wanda ya fara isowa amininsa ne, wani dattijo ɗan Maraɗi da ya yi ritaya daga aikin rediyo, yana zaune a Takoma Park. Bai ko zauna ba. Ya wuce gareji, ya tsaya a gaban keken Baffa ya daɗe, sannan ya dawo ya ce wa maigidana, "To yanzu da wa zan yi musu? Ku duk kun cika yarda da mutum."

Tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu, baƙar fata 'yar ƙasar nan, ta zo da sandarta da faranti a rufe. Ta riƙe hannuna ta yi ta magana, 'yata tana fassara min inda ya gagare ni. Ta ce tun da ta tare a layin nan tana amarya, ba wanda ya taɓa saukowa daga kan abin hawa don kawai ya tambaye ta yadda ta kwana, sai wannan mutumin.

Rana ta biyu da la'asar sai ga 'yan ƙungiyar masu keke, sun jera kekunansu a kan ciyawarmu. Kayan jikinsu sun ɗame su, takalmansu na ƙwas-ƙwas a kan siminti. Wata daga cikin matan kicin ta leƙa taga ta ce, "Maman yara, waɗannan fa? Iyo za su ko gaisuwa?" Muka toshe baki da mayafi. Amma bayin Allah, da suka ga tarin takalma suka cire nasu, suka zauna a ƙasa gwiwoyi a sama, da aka ɗaga hannu don addu'a su ma suka ɗaga. Babbansu, wani Bature dogo mai farin gemu, ya yi kuka har hancinsa ya yi ja. Ya ce sun rasa mutumin da ya tsaya gaban hukuma ya ce titi na kowa ne. Da zai fita ya gan ni a bakin kicin, ya ce ya tuna ni, ai ni ce matar da Baffa ya nuna a wurin taro. Na sunkuyar da kai. 'Yar Baffa, wadda take likita, tana tsaye da tiren shayi a gefena, sai ta ce a hankali, "Matarmu, kin sake yi fa." Abin da take nufi yana nan tafe a gaba.

A Funtuwa Baffa ya yi ƙarfinsa. Atamfa da yadi yake ɗaurawa a kariyar keke yana bin kasuwannin ƙauye, yana ratsa tsakanin manyan motocin auduga. 'Yarsa ce ta kawo shi ƙasar nan bayan rasuwar matarsa, amma ya ce shi ba zai zauna gidan mijin 'ya ba, sai gidan ɗa. Bai daɗe da zuwa ba ya ga wani keke an jingina a bakin bola, ya turo shi gida, ya warware shi kaf a kan wani tsohon zanina, ya wanke, ya shafa mai, ya mayar. Maigidana ya ce zai koya masa mota. Ya ce, "Mota akwati ce. Mutum ya shiga ya rufe, ya wuce ubansa a hanya bai sani ba."

Haka yake fita kullum: kaftani, ƙafar wando ɗaure da roba, hular kwano da 'yarsa ta tilasta masa a ɗore a kan hularsa ta gida, don ya ce ba zai fita kai ba hula ba saboda wani kwano. Masallaci da keke, kantin kayan Afirka da keke, duba mara lafiya da keke. Idan ya dawo sai ya zauna a matakalar kicin, yana fuskantar waje, ya ba ni labarin gari kamar da bango yake magana: an rushe gidan man da ke kwana, matar mai kanti ta haihu, attarugu ya zo amma ba shi da yaji.

Ɗabi'arsa da kowa ya sani ita ce sauka. Baffa ba ya gaida tsaransa ko wanda ya girme shi daga kan sirdi. Zai ja birki, ya sauko, ya riƙe keken da hannun hagu, ya ɗan rusuna, ya yi gaisuwa har ta ƙare, ko da wanda ake gaisarwa ba ya jin Hausa. A gida wannan ba labari ba ne. A nan kuwa ya kusa jawo masifa. Ranar da ya fara bin ayarin 'yan ƙungiya, suna sheƙa gudu a jere, sai ya hango wani tsoho yana jiran bas, ya taka birki ba sanarwa. Na bayansa suka watse hagu da dama, ɗaya ya shiga cikin furanni. Baturen nan mai gemu ya koya masa yadda ake sauke hannu ƙasa a nuna za a tsaya. Baffa ya dawo gida yana murna, wai ashe har alamar gaisuwa suna da ita.

Ni kuwa ga yadda zamana yake. Layinmu ba ya ɓullewa, ya ƙare ne a wani ɗan zagaye da gidaje suka kewaye. Ƙofarsa ɗaya, kuma tana buɗewa ne kan babban titi, inda motoci ke gudu kamar ana korarsu. Babu wurin masu tafiya a ƙasa, sai kwata mai ciyawa da fasassun kwalabe. Tashar bas tana can tsallake. Idan ganye ya zube lokacin sanyi, daga tagar ɗakina ina hango allon shagon magani da rufin kanti, amma da su da Kano duk ɗaya ne a wurina. Jarrabawar lasin tuƙi na shiga ta kayar da ni, na sake ta sake, tambayoyinsu a murɗe suke, har na haƙura. Maigidana yana aiki a wani babban sito a Laurel, ya fita bayan asuba, sai bayan magariba. Idan gishiri ya ƙare, sai jira. Na haifi 'ya'ya a ƙasar nan har na aurar da ɗaya, amma ban taɓa fita ni kaɗai na sayo albasa ba.

Baffa ne ya lura. Shi har ya rasu Amarya yake ce min, ko da furfura ta fara leƙowa. Wata rana ya dawo da keken mata da ya samo a wurin 'yan ƙungiya, ya sa wa sarƙarsa marfi don kada ta kama min riga, ya ce wa maigidana, ba ni ba, "Gobe Amarya za ta fara." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma na fito, wando a ƙarƙashin doguwar riga, hular kwano a kan hijabi. Ba ya taɓa ni, kariyar baya yake riƙewa, fuskarsa a gefe, yana bina da sassarfa, tsoho da shi.

"Kada ki kalli taya. Taya ta san aikinta. Kalli inda za ki."

Na faɗi, na tashi, na sake faɗuwa. Maƙwabciyarmu tana baranda tana tafi. Ranar da ya saki kariya ban sani ba, na yi zagayen nan ni kaɗai, iska na shiga hannun rigata, wallahi na yi dariya irin wadda rabona da ita tun ina gidanmu. Wannan alherin ba zan manta masa ba har in koma ga Allah.

Sai dai zagayen ne kawai. In tafi, in dawo, in sake, kamar akuya a turke. Baffa ya ce lokaci ya yi da za mu hau babban titi.

"Ki shiga tsakiyar layi," in ji shi. "Wanda ya raɓe a gefe shi ake gogewa. Ki zauna inda direba zai gan ki, ki miƙa hannu ki gaya masa inda za ki. Direba ba aljani ba ne, ɗan wani ne."

Sai in bi shi har bakin titi. Wata babbar mota ta wuce, iskarta ta ɗaga min hijabi, ƙafata ta sauka ƙasa da kanta. In ce, "Baffa, na bar tukunya a wuta." Ya ce, "Wannan tukunya taki dai ba ta taɓa nuna." Ya miƙa hannu, ya shige cikin motoci, ni kuma in juya.

Ana haka labari ya zo cewa hukumar yankinmu na tunanin yi wa masu keke hanyarsu daban a gefen titin, da shingen siminti tsakaninta da motoci, ta wuce bakin layinmu har kantuna. Ranar da na ji ban iya cin abinci ba. Na tsaya a taga ina bin hanyar da ido tun ba a yi ta ba.

Baffa kuwa ya ce sam. Daga nan falonmu ya zama majalisa duk ranar Lahadi. Amininsa zai zo da goro, 'yarsa ta zo daga asibiti, ni ina kai shayi ina kwasar zance.

"Bon, saurara, Alhaji," in ji dattijon Maraɗi. "A wajenmu can Takoma Park an yi irinta. Na ga mace da 'ya'ya biyu a bayan keke tana tafiya hankali kwance. Mi ka hi wannan?"

"Keji ne," in ji Baffa. "Yau a ba ka siririn wuri, gobe ka leƙo titi direba ya ce me ya kawo ka, ba ga naku can ba. Kuma ina take ƙarewa? Inda suka ga dama. Ta kai ka mahaɗa ta sake ka, a lokacin direba ya riga ya manta akwai ka a duniya. Gara a saba da juna."

"Kai dai ba ka son hanyar da babu wanda za ka tare da gaisuwa."

"To hanyar da ba mutane me sunanta?"

'Yarsa ta ce, "Baba, ni nake ɗinke su fa. Waɗanda suka shiga tsakiyar da waɗanda suka raɓe, duk ana kawo mana. Kai ka yi gogayya da motocin auduga. Yaro fa? Tsohuwa fa?"

"A koya musu."

"Wannan taurin kai ne kawai, Baba."

Baffa ya ajiye kofi, ya shafa gemu, ya sauka ɗakinsa. An daɗe idan ta gaishe shi da "lafiya" kawai yake amsawa, ba ya ƙara komai. Ita ma jininsa ce, ba ta janye ba. Ni dai ba wanda ya tambaye ni. Ko an tambaye ni, me zan ce yana zaune?

Aka kira taron jin ra'ayin jama'a a ɗakin taron wata makaranta. Baffa ya ce duk gidan za mu je, maigidana ya nemi izini a wurin aiki ya kai mu. Mutane sun cika. Masu kantuna suka ce za a cinye musu wurin ajiye mota, wasu suka ce titi zai ƙara cunkushewa, wasu iyaye suka ce suna so. 'Yar Baffa ta yi magana da Turancinta mai kyau, aka tafa. Sai Baffa ya ɗaga hannu. Turancinsa na kasuwa ne, don haka amininsa ya tashi ya yi masa tafinta. Kafin su fara na ji dattijon ya ce wa Baffa, "Zan juya maganarka yadda ka hwaɗe ta, amma Allah shaida ne ban yarda da ko kalma guda ba."

Baffa ya yi magana mai daɗi, gaskiya. Ya ce a garin da ya fito jaki da keke da mota da mai tallan kai hanya ɗaya suke bi, kowa na kallon kowa. Ya ce abin da titin nan ke buƙata a rage masa gudu, a koya wa direbobi cewa mai keke mutum ne, ba a kwashe mutane a ɓoye bayan siminti ba. 'Yan ƙungiya suna ta gyaɗa kai. Sai kawai ya juyo ya nuna ni.

"Ga surukata nan. Ba ta taɓa hawa keke ba sai a hannuna, yanzu ta iya. Mace ce, uwa ce, ba yarinya ba. Ba ta buƙatar shinge."

Dattijon ya fassara, muryarsa ta ɗan yi ƙasa. Duk ɗakin ya juyo. Matar da ke jagorantar taron ta matso da bakinta kusa da makirfo ta tambaye ni ko haka ne. Wannan kam na ji ba sai an fassara ba. Surukina yana tsaye, hularsa a kai, ya gama magana a gaban baƙi. Na yi abin da uwata ta koya min, abin da kowace 'yar mutunci za ta yi: na sunkuyar da kai na yi shiru. Sai na ji tafi.

A kicin, bayan mun dawo, 'yarsa ta tsare ni. "Matarmu, kin san me suka ɗauka? Su a wurinsu wanda ya yi ƙasa da kai ya ce e ne."

"To me kike so in yi? In ƙaryata shi a gaban Turawa?"

"Da kin ce min tun a gida."

"Ke da kika faɗa masa, ya amsa gaisuwarki?"

Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ta ɗauki jakarta. Daga baya muka ji an jingine maganar hanyar. Ba zan ce Baffa ne ya kashe ta ba, masu kantuna sun fi shi murya. Amma shi ya dawo da murnarsa, har ya sayo min lemo. Na karɓa da hannu biyu na yi godiya.

Shekarar da ta biyo baya ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Aka yi jinya a asibiti, aka dawo da shi da sanda mai ƙafa huɗu. Maigidana ya rataye kekensa a gareji. Da safe in taimaka masa ya hau falo, ya zauna a kujerar da ke jikin taga, kowa ya watse, sai ni da shi. Daga nan ba a ganin babban titi, ana dai jin sa. Sai ya karkata kai ya ce, "Wannan babba ce, kuma da kaya." Can ya ce, "Wannan birkinsa ya cinye."

Wata rana ya ce, "Amarya, ashe haka gidan nan yake da shiru?"

"Haka yake, Baffa."

"Tun yaushe?"

"Tun da muka tare."

Mutumin da ya saba kawo labarin gari ya koma jiran maigidana ya dawo, shi kuwa ya dawo a gajiye, labarinsa bai wuce cunkoson hanya ba. Na ga Baffa yana ramewa ba don ciwon kaɗai ba. Na san wannan ramar, na daɗe da ita.

Rannan da hantsi aka bugo daga shagon magani cewa maganinsa na hawan jini ya iso. Na ce idan maigida ya taso zai biya ya karɓo. Baffa ya kalli taga ya ce, "Amarya, ɗauki kekenki ki je ki karɓo min. Ki dawo ki gaya min yadda hanya take."

Aike ne, daga bakin suruki. Babu tukunyar da zan fake da ita, ya ga na sauke. Na sa wando, na ɗora kwano, na karanta duk abin da na iya. A bakin titi na miƙa hannu kamar yadda ya koya min, na shiga tsakiya.

Ban san yadda zan kwatanta ba. Ƙara ce ta ko'ina. Wani ya danna hon bai ɗaga hannu ba har sai da ya wuce ni, ya zuge gilashi ya faɗi wata kalma da yarana suka hana ni maimaitawa. Wata babbar mota ta zo daf da bayana, ina jin zafin injinta a gadon bayana, hannuwana suka ƙage a kan kan keken. Sai wata mata a ƙaramar mota ta shiga tsakanina da sauran, ta kunna fitilunta masu ƙyaftawa, ta bi ni a hankali har na karya kwanar kanti. Ta ɗaga min hannu ta wuce. Allah Ya saka mata. Baffa bai yi ƙarya ba, akwai 'ya'yan mutane a cikin motocin nan. Amma da na sauka sai da na zauna a dakalin shagon. Mai ba da magani ta tambaye ni ko ta kira min wani.

Dawowa ban hau ba. Na turo keken ta cikin kwata, ciyawa har gwiwa, ruwa ya cika min takalmi, ƙaya ta yage min riga, motoci na wucewa a saman kaina. Na shiga falo, na durƙusa, na ajiye maganin a gabansa.

"Turo shi kika yi," in ji shi. "Ban ji ƙarar sarƙa ba."

Sannan na ji bakina ya buɗe, ina kallon kafet.

"Baffa, akwai wata mata."

"Ina jin ki."

"Ta daɗe a wani gida. Tana hango kanti ta taga. An koya mata keke, ta ji daɗi, ta gode. Amma ita ba jaruma ba ce, kuma ba ta son sai ta zama jaruma kafin ta sayo albasa."

Ya gyara sandarsa. "Wannan matar, me take so?"

"Tana son a yi mata 'yar hanyarta. Da shingen. Ko keji ne, ya fi wanda take ciki faɗi."

"Me ya hana ta faɗa ranar taro?"

"Surukinta na tsaye."

Can ya ce, "Shi surukin nan nata, kurma ne?"

"A'a. Babba ne."

Na ji ya ja numfashi. Ban ɗago ba, don haka ban san yadda fuskarsa take ba, kuma na gode wa Allah da ban gani ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Tashi ki canja takalmi, kada sanyi ya kama ki."

Ranar Lahadi ya sa aka kira 'yarsa da amininsa. Dattijon Maraɗi ya shigo yana murza hannu, ya ce, "Alhaji ya tuba ke nan?"

"Ban tuba ba," in ji Baffa. "Titi na kowa ne, a kan haka zan mutu. Idan aka yi shingen nan direbobi za su ƙara lalacewa, za ku gani. Amma ranar nan na ari bakin da ba nawa ba na ci albasa da shi a gaban jama'a. Sai na koma na mayar."

'Yarsa ta tashi ta shiga banɗaki ta daɗe. Da ta fito ta durƙusa ta gaishe shi kamar yanzu ta shigo, ya amsa har da tambayar yara da aiki da gajiya.

Ya ce ta binciko yaushe za a sake taro. Ta bincika, aka ce maganar ba ta kan tebur yanzu, sai an sake tsara aikin titin. Baffa ya ce zai jira. Duk lokacin sanyin nan ya yi shi a kujerar taga yana jira. Kowace Lahadi tambayarsa ta farko ke nan, "An sa rana?" Ta ce ba a sa ba. Tun yana shirya abin da zai faɗa, har harshensa ya fara nauyi, sai ya canja shawara.

"Amarya, ke za ki faɗa. Ni zan zauna a baya in yi ƙasa da kai, su ɗauka na ce e."

Ya sa ni in tsaya a tsakiyar falo, in riƙe ludayi a matsayin makirfo. In fara, "Akwai wata mata," ya buga sanda a ƙasa. "Babu wata mata. Ce ni." In sake. Ya ce, "Ɗago kai. Bango kike wa magana?" Ni da ban taɓa haɗa ido da shi ba, a watannin ƙarshen nan na san kalar idonsa. Wani lokaci a tsakiyar maganata sai ya manta, ya fara musu da ni, ya ce ai mahaɗar ce matsalar, sai ya tuna ya kama bakinsa da hannunsa mai lafiya.

Bai ga ranar ba. Allah Ya jiƙan Baffa, Ya yafe masa, Ya shimfiɗa masa hanya mai sauƙi zuwa rahamarsa, Ya sa ya tarar da waɗanda zai gaisar. Mu kuma da muka rage, Allah Ya kyautata namu ƙarshen.

Satin da ya wuce 'yarsa ta bugo min ta ce an dawo da maganar, an sa ranar taro. Maganata tana nan a kaina tsaf, da "ni" a farkonta. Dattijon Maraɗi ya ce zai yi min tafinta, ya ce wannan karon aikin zai yi masa daɗi, sai dai shi idonsa ya hana shi tuƙi, jikansa zai sauke shi a can. Ranar Laraba ce, da rana. Maigidana ya ƙarar da hutunsa a jinya da zaman makoki, likita kuma tana ɗakin tiyata ranar. Makarantar da za a yi taron tana tsallaken titi, ba nisa, idan iska ta juyo har hayaniyar yaranta nake ji daga kicin. Har yanzu ina neman wanda zai kai ni.